Gidan Haya: Darasi Domin Mai Son Farawa

Ran Talata, in ka tsaya a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Gusau ta nufi Sakkwato, daidai Talata Mafara, za ka ga motoci suna ta sauke mutane da kaya. Da la'asar kasuwa ta kan fara watsewa, kowa ya nufi gida. Amma akwai waɗanda ba su da gida a garin sai ɗakin da su ke biya. Ga malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki, ga ɗalibi, ga ma'aikaciyar asibiti, ga ɗan sanda, ga mai shago, ga kuma manomin da ya baro ƙauyensu saboda tsoro. Haka ya ke a Bakura, haka ya ke a Maradun. Da yawa daga cikinmu mun san zaman haya, gama mun yi shi, waɗansunmu suna cikinsa har yanzu.

Saboda haka 'yan'uwa su kan yi tambaya su ce, "In na tara 'yan kuɗi, ko in gina ɗakuna in sa haya?" Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce, gidan haya kamar itacen mangwaro ya ke. Gero wata uku ya nuna, amma mangwaro sai an yi shekaru ana ba shi ruwa, ana tsare shi daga awaki, kafin a sha. Wanda ya san haka tun farko, ya fara da kaɗan, da kuɗin kansa, a kan fili mai tsabtar takarda, zai ci amfani a tsufansa, 'ya'yansa ma su gada. Wanda ya shiga da gaggawa da bashi kuwa, ya kan rasa ajiyarsa, wani lokaci har da mutuncinsa. Bari mu bi abin daki-daki.

1. Wa zai zauna a ciki?

Kafin ka tambayi kuɗin bulo, ka fara tambayar kanka wanda zai biya ka, da abin da ya kawo shi garin, da ko abin nan mai daɗewa ne.

Tarihin ƙasar nan ya koya mana wannan. A shekarun 1970 aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama ta a 1978, da niyyar ba da ruwa ga gonaki hekta 23,000 a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun. Aikin ya tara ma'aikata daga wurare dabam dabam. Amma aikin gini yana da ranar ƙarewa, ran da ya ƙare kuwa lebura ya kan naɗe tabarmarsa ya tafi inda wani aikin ya ke. Wanda ya gina ɗakuna domin irin waɗannan baƙi kaɗai, sai ya wayi gari da ɗakuna ba mutane.

Akwai waɗanda zamansu ya fi daɗewa. Garuruwan nan uku duk hedkwatocin ƙananan hukumomi ne, saboda haka ba a rasa ma'aikatan hukuma da na asibiti da malamai. A 1992 aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara. A 1996 aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, ofisoshi suka ƙaru. A 2018 aka amince da kafa jami'ar jihar a Talata Mafara. A Bakura kuma aka kafa kwalejin aikin gona. Makaranta ta kan kawo 'yan haya shekara bayan shekara. Sai dai ɗalibi ya kan tafi hutu, in kuwa aka rufe makaranta saboda yajin aiki ko rashin tsaro, ɗakin ya zauna haka nan.

Rashin tsaro kuma dole mu ambace shi, gama ɓoye shi ba zai taimaki kowa ba. A watan Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashi 'yan mata daga makarantar Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A watan Agusta na shekarar suka shiga kwalejin Bakura, a farkon Satumba kuma makarantar Kaya a ƙasar Maradun. A watan Satumban nan aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako har wani lokaci. Abin nan ya taɓa gidajen haya ta hanya biyu. Mutanen ƙauyuka sun taru a cikin gari suna neman ɗaki, amma yawancinsu sun baro gonarsu da dabbobinsu, ba su da ƙarfin biya mai yawa. Fili na bayan gari kuma, wanda ya ke da araha, shi ne wanda ɗan haya ya ke gudu, gama ba ya son ya kwana a gida na ƙarshe kusa da daji.

To, ka ɗauki mako biyu ka zaga da ƙafarka, gama zuwa da kai ya fi aike. Ka tambayi masu haya guda goma abin da su ke biya, da abin da ya ke damunsu a inda su ke. Ka ƙirga ɗakunan da ke rufe ba kowa a unguwar da ka ke so. In ka tarar da su da yawa, unguwar ta riga ta ba ka amsa.

2. Fili da takardarsa

Mafi yawan hawayen da a ke zubarwa a kan gidaje, daga fili su ke farawa.

Ga abin da doka ta ce. Tun daga 1978, dokar amfani da ƙasa ta sa dukan ƙasar jiha a hannun gwamna, a kan amana domin jama'a. Abin da mutum ya ke riƙe da shi izinin zama ne da amfani. A ƙasar da aka ayyana ta birni ce, gwamna ne ke ba da izinin, a kan kuma rubuta shi a takardar shaidar mallaka, yawanci na shekara 99 in gidan zama ne. A karkara ƙaramar hukuma ce ke bayarwa bisa ga al'ada. Sayar da fili mai takardar gwamna, ko jinginar da shi, yana bukatar yardar gwamna. Hukuma tana kuma da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kamar hanya ko makaranta, diyya kuwa a kan abin da aka gina ko aka shuka a ke lissafa ta.

Mutanen ƙasar nan sun san nauyin maganar diyya. Rigimar da ta tashi tsakanin manoman Bakolori da hukuma a kan gonaki da diyya ce, ta kuwa ƙare da harbin manoma a watan Afrilu 1980, mutane da yawa suka rasa rayukansu. Mai sayen fili kada ya ɗauki maganar ƙasa da wasa.

Ga abin da za ka yi kafin kobo ya bar hannunka. Ka nemi sanin yadda mai sayarwa ya sami filin, ko saye ne, ko gado, ko rabon hukuma. In gado ne, ka tabbata an riga an raba, kuma dukan magada sun yarda, har da mata da waɗanda su ke wani gari. In alƙali ne ya raba, ka ga takardar kotu da idonka. Ka je wurin mai unguwa ko dagaci, ka kuma gai da maƙwabta na kusurwa huɗu, gama su ne su ka san ko an taɓa sayar wa wani, ko an ba da shi jingina. Ka je ofishin ƙasa da safiyo ka tambaya ko filin ya faɗa cikin hanya, ko makiyaya, ko ƙasar aikin noman rani. Sa'an nan a rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da naka, da girman filin, da iyakokinsa, da kuɗin da aka biya, shaidu su sa hannu, a kafa duwatsun iyaka a gabansu. Dillali yana da amfani, amma ka tuna la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, saboda haka maganarsa ba ta isa shaida ba.

Wani abu kuma, ka ga filin a watan Agusta. Filin da ya ke shimfiɗe sumul da rani, da damina ya kan zama tafki. Kusa da fadama da magudanan ruwa ƙasa ta kan kumbura da damina, ta tsage da rani, ta tsaga bango tare da ita.

3. Lissafi

Yanzu ka ɗauki fensir da takarda. Kuɗaɗen da za mu sa a nan misali ne kurum domin koyon lissafi. Kowa ya cire su ya sa na garinsu na yau.

A ce fili da takardunsa sun ci naira 1,000,000. A ce ɗakuna huɗu da makewayi da madafa da katanga sun ci 6,000,000. Jimla 7,000,000 ke nan. A ce ko wane ɗaki naira 100,000 a shekara. Mai gaggawa zai ce, "Ina da 400,000 ko wace shekara." Amma ba haka ba ne. A ce ɗaki ɗaya ya yi wata shida ba kowa, a cire 50,000. Gyaran kwano da ƙofa da fenti da kwashe masai, a cire 50,000. Kuɗin ƙasa da 'yan ƙananan abubuwa, a cire 20,000. Saura 280,000. In ka raba 7,000,000 da 280,000, za ka sami shekara 25. Watau ko wace naira ɗari da ka zuba tana kawo maka naira huɗu a shekara.

Gaskiya ne kuɗin haya ya kan ƙaru da tafiyar zamani, darajar fili ma haka, saboda haka shekarun za su iya raguwa. Amma kuɗin gyara ma tashi ya ke yi, ƙarfin ɗan haya kuwa yana da iyaka. Mafi ƙanƙancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne a wata, daga ciki kuwa a ke ci, a ke sha, a ke biyan makaranta.

Watakila ka ce, "In haka ne, ina amfaninsa?" Amfaninsa shi ne, gida yana riƙe daraja sa'ad da kuɗin takarda ya ke narkewa. Bayan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni, kaya suka yi ta hauhawa, har a ƙarshen 2024 tashin farashi ya haura kashi 34 cikin ɗari a shekara. Wanda ya ɓoye kuɗinsa a ƙarƙashin katifa, ya tarar ba su sayen abin da su ke saye a bara. Wanda ya mai da nasa bulo da kwano, ɗakinsa yana nan. Ran da ƙarfi ya ƙare, ko fansho ya yi jinkiri, ko mai gida ya rasu ya bar gwauruwa da marayu, ɗakunan nan za su sayi hatsi. Wannan shi ne ainihin ladan gidan haya. Wanda ya ke neman riba mai sauri ta juya kasuwa, ya nemi wata hanya dabam.

4. Da kuɗin wa za a gina?

Lissafin nan ya riga ya nuna mana hatsarin rance. A watan Nuwamba 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwa kuwa ba su ba ƙaramin mutum rance a ƙasa da haka ba. A ce ka ranci rabin kuɗin ginin nan, watau 3,500,000, a kan kashi 30. Kuɗin ruwa kaɗai 1,050,000 ne a shekara, gidan kuwa 280,000 ya ke kawowa. Ko yaro ɗan aji huɗu ya ga inda za a ƙare. Akwai asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992, da ke ba masu zubi rance a kan kashi 6, amma domin gidan da mutum zai zauna ciki aka yi shi.

Saboda haka ka gina da abin da ka tara: rarar albashi, kuɗin amfanin gona, kwasar adashi, kuɗin sa ko tumakin da ka kiwata. Akwai kuɗi iri uku da ba a taɓawa. Na ɗaya, kuɗin abinci da makarantar yara. Na biyu, jarin sana'ar da ke ciyad da kai, gama wanda ya kwashe kayan shagonsa ya zuba a bango, ya yanka kazar da ke yi masa ƙwai. Na uku, kuɗin amana. In kai ne ma'ajin ekklesiya, ko ke ce uwar adashi ta zumuntar mata, kada zuciya ta ce, "Bari in ara, in haya ta shigo na mayar." Ta wannan ƙofa mutanen kirki da yawa suka shiga kunya.

Ka shawarci matarka tun kafin ka fara, ke ma ki shawarci mijinki. In kun haɗa kuɗi, a rubuta sunayenku duka biyu a takarda. Wannan zai tsare wanda ya rage daga rigimar dangi.

Farawa mafi sauƙi ita ce ta wanda ya ke da gidansa da sauran fili a ciki. Ya fitad da ɗaki ɗaya, ko shago ɗaya mai fuskantar titi, da ƙofarsa dabam. Ba kuɗin fili, ba kuɗin katanga mai yawa, kuma a ɗaki ɗaya ne zai koyi halin 'yan haya da hasara kaɗan.

5. Gini

Kada ka kafa harsashin ɗakuna goma da kuɗin ɗakuna biyu. Ko wane gari yana da irin waɗannan kangaye, bango ya kai linta ya tsaya, ciyawa ta fito, awaki su ke kwana ciki. Kango ba ya biyan haya, damina kuwa tana cinsa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, gine-gine masu yawa kuwa a nan su ka tsaya. Ka zana dukan gidan a takarda, ka nemi izinin gini daga hukuma, amma ka gama ɗakuna biyu sarai, da rufi da ƙofa da makewayi, ka sa mutane. Kuɗinsu ya taimaka wajen na uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai wuraren da ba a rowa. Harsashi ya yi zurfi, daɓe ya ɗaga sama da titi domin kada ruwa ya shiga. A sa wa katako maganin gara. A ɗaure rufi da kyau, gama iskar farkon damina ta kan yaye kwano kamar takarda. Masai ya yi nisa da rijiya, ya kuma kasance a gangare da ita. Taga ta fuskanci inda iska ke shigowa, a kuma sa silin, gama ɗakin kwano ba silin a watan Afrilu tanda ne. Katanga da ƙyauren ƙarfe yanzu su ne abin da mai iyali ya ke fara dubawa. In da hali, ko wane ɗaki da mitarsa ta lantarki, domin rabon kuɗin wuta ya raba maƙwabta da yawa.

Ka sayi kaya da kanka, ka karɓi rasit, ka ƙirga buhunan siminti safe da yamma. Ka biya birkila da kafinta bisa ga aikin da su ka gama, mataki mataki, kada kuma ka riƙe hakkin lebura ya kwana.

6. Mai gida da ɗan haya

Ran da ɗan haya zai shiga, a rubuta yarjejeniya, ko da ɗan'uwanka ne, ko kuna sujada wuri ɗaya. Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Takarda ba rashin amincewa ba ce, ita ce ke tuna wa mutum biyu abin da su ka faɗa. A rubuta kuɗin, da ranar biya, da mutum nawa za su zauna, da wanda zai gyara abin da ya lalace, da yadda za a yi shara da wanke makewayi, da yawan kwanakin sanarwa kafin tashi. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofi. Duk ran da aka biya ka, ka ba da rasit, ka kuma rubuta a littafi. Daga ko wane biya ka ware kashin gyara tun kafin ka taɓa saura.

Ka san wanda za ka sa a gidanka. Ka tambayi aikinsa, da inda ya fito, da wanda ya san shi, ka kuma sanar da mai unguwa. A kwanakin nan wannan tsaro ne gare ka da maƙwabtanka. Amma kada ka ƙi mutum saboda yarensa ko addininsa. Waɗansunmu sun sha yawo ƙofa ƙofa ana ce musu ba ɗaki, alhali ga ɗaki a rufe. Wanda ya ɗanɗani wannan, kada ya ɗanɗana wa wani.

In ɗan haya ya kasa biya, ka fara zama da shi ka ji dalili. Wanda albashinsa ya makara dabam ne da wanda ya mai da ƙin biya sana'a. In dole ne ya tashi, akwai hanya. Bisa ga ka'idar da kotuna su ke bi a yawancin jihohin Nijeriya, in ba a rubuta wani abu dabam ba, mai biyan wata wata a kan ba shi sanarwar wata ɗaya, mai biyan shekara kuwa wata shida, bayan haka sanarwar kwana bakwai, sa'an nan a je gaban alƙali. Cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watsar da kayan mutum a titi, doka ta hana, mai gidan da ya yi haka kuwa shi ne zai koma mai laifi.

Saura magana ɗaya, ita ce mafi nauyi. Sa'ad da mutanen ƙauye su ka gudo cikin gari da 'ya'yansu a baya, ɗaki ya kan yi wuya, zuciya kuwa ta kan ce wa mai gida, "Ga damarka, ninka kuɗin." Kana da iko ka karɓi kuɗin da ya dace da wahalarka, ba wanda zai ga laifinka. Amma cin riba daga tsoron mutum wani abu ne dabam. In za ka ƙara kuɗi, ka faɗa tun da sauran watanni, ka kuma ƙara daidai gwargwado. Ko ta wajen lissafi ma, ɗan haya mai biya a kan kari, wanda ya shekara biyar yana share gida kamar nasa, ya fi baƙo mai alkawarin kuɗi da yawa wanda zai gudu da dare bayan wata huɗu. Garuruwanmu ƙanana ne. Halin mai gida ya kan riga ɗakinsa shiga kasuwa.

Tambayoyi domin nazari

1. Su wane ne su ke neman ɗaki a garinku, me ya kawo su, kuma abin nan zai daɗe?
2. Waɗanne mutane ne za ka gani kafin ka biya kuɗin filin gado?
3. Ka sake lissafin sashi na 3 da kuɗin garinku na yau. Shekara nawa ka samu?
4. Waɗanne kuɗi uku ne ba a taɓawa domin gini, kuma don me?
5. A ce ɗan hayarka manomi ne da ya gudo daga ƙauye, ya yi wata uku bai biya ba, kai kuma kana bukatar kuɗin makarantar 'yarka. Me za ka yi? Ku tattauna wannan tare.